Awa nawa ne daga Landan zuwa Istanbul a jirgin sama?

Tambaya: "Assalamu alaikum. Ina zaune a Landan, kuma na sayi tikitin zuwa gida hutu a watan Disamba, ni da maiɗakina da yaranmu biyu ƙanana, za mu bi ta Istanbul zuwa Abuja. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, tikitin ya nuna za mu tashi daga Heathrow ƙarfe 11:30 na safe mu sauka Istanbul ƙarfe 6:25 na yamma, kusan awa bakwai ke nan. A dawowa kuwa, cikin Janairu, za mu tashi daga Istanbul ƙarfe 1:10 na rana mu sauka Landan ƙarfe 2:25, wato awa ɗaya da kwata kacal. Na duba intanet na ga nisan bai kai kilomita 2,500 ba, kuma an ce jirgi yana gudun kilomita 900 a awa, ke nan bai kamata tafiyar ta kai ko awa uku ba. Wanne ne gaskiya a ciki? Sannan jirginmu na Abuja zai tashi ƙarfe 8:00 na dare. Tazarar da ke tsakani za ta ishe mu?"

Wa alaikumus salam, Malam. Ka zo da alƙaluma uku, awa bakwai da awa ɗaya da kwata da kuma abin da bai kai awa uku ba, kuma babu ko ɗaya daga cikinsu da ya yi daidai da tsawon zaman da za ku yi a cikin jirgin. Na yi shekaru ina aiki a ofishin tsara tafiyar jirage na wani kamfani da ke zirga-zirga tsakanin biranen Turai, inda aikinmu shi ne mu fitar wa matuƙi hanyar da zai bi da yawan man da zai ɗauka da lokacin da ake sa ran zai isa, don haka da abin da na saba gani a wannan tebur zan amsa maka. A taƙaice, zuwa zai ɗauke ku awa 3 da minti 55, dawowa kuma awa 4 da minti 15. Dawowar da ka ɗauka ita ce gajera ita ce ma ta fi tsawo.

Batun agogo shi ne mafi sauƙi, bari mu kawar da shi tukuna. Kowane lokaci da aka rubuta a tikiti lokacin garin da abin zai faru ne: na tashi da agogon garin tashi, na sauka da agogon garin sauka. A watan Disamba Birtaniya tana kan agogon GMT, wanda masu sauraron rediyo suka saba ji, ita kuwa Turkiyya tun shekarar 2016 ta daina canza agogonta, ta tsaya a awa uku gaba da GMT duk shekara. Saboda haka ƙarfe 6:25 na yamman Istanbul ƙarfe 3:25 ne a Landan, kuma daga 11:30 zuwa 3:25 awa 3 ne da minti 55. A dawowa, ƙarfe 1:10 na ranar Istanbul ƙarfe 10:10 na safe ne a Landan, daga nan zuwa 2:25 kuma awa 4 da minti 15. Da a ce tafiyar a watan Yuli ce, da bambancin awa biyu ne kawai, domin Birtaniya kan tura agogonta gaba da awa guda a Lahadin ƙarshe ta watan Maris, ta dawo da shi a Lahadin ƙarshe ta Oktoba. Najeriya ba ta canza nata, don haka Istanbul kullum tana gaban Abuja da awa biyu. Ka faɗa wa masu taryarku wannan, kada su yi lissafi da agogon da ba nasu ba. Mu a wurin aiki ba ma taɓa agogon kowane gari sam, duk takardun tafiya da saƙonnin da ke tsakanin matuƙi da masu ba jirage hanya da GMT ake rubuta su, don gudun irin wannan ruɗani da ka shiga.

Akwai wani ɗan abu da ke biyo bayan wannan wanda matafiyi Musulmi ya kamata ya sani. Wanda ya nufi gabas yana taryar dare ne, ga shi kuma ranar Disamba gajera ce a Turai, don haka Azahar da La'asar da Magariba duk za su shigo muku a cikin waɗannan awa huɗu. Gara ku shiga jirgin da alwala.

Nisan da ke intanet da nisan da jirgi ke ci

Adadin da ka gani daidai ne. Tsakanin Heathrow da sabon filin jirgin Istanbul akwai kilomita kusan 2,490, kimanin ninki uku na nisan Kano zuwa Legas ta sama. Idan ka ga wani shafi ya rubuta 1,550, wani kuma 1,345, ba saɓani ba ne: na farko mil ne na ƙasa mai kilomita 1.609, na biyu kuma mil ne na teku mai kilomita 1.852, wanda shi ne ma'aunin da matuƙan jiragen sama da na ruwa ke aiki da shi.

Yadda ake samun wannan adadi shi ne a auna gajeriyar hanya a kan doron duniya mai siffar ƙwallo. Ka ɗauki lemu, ka sa ɗigo biyu a jikinsa, ka ɗora zare daga wannan zuwa wancan ka ja shi ya miƙe. Inda zaren ya kwanta, nan ce gajeriyar hanya. Idan aka zana ta a taswirar bango da muka saba gani, irin wadda Gerardus Mercator ya tsara a shekarar 1569, sai ta fito a lanƙwashe kamar baka, ta ɗan karkata arewa, har mutum ya zaci jirgin zagaye ya yi. Da wannan lissafin ne ake fitar da alƙibla, shi ya sa masallatan New York suke fuskantar arewa maso gabas duk da cewa a taswira Makka tana kudu da su. A hanyarku, zaren zai ratsa Beljiyam da Jamus, tsakiyarsa ta faɗa kusa da birnin Graz na Ostiriya, sannan ya gangara ta Hangari da yankin Balkan da Bulgeriya ya shiga Turkiyya.

To amma jirgi ba ya bin zaren nan sak. Da farko dai dole ne ya tashi yana fuskantar iska, kuma a Heathrow iskar yamma ce ta fi yawa, ta yadda kusan kashi bakwai cikin goma na kwanakin shekara jirage yamma suke fuskanta wajen tashi da sauka. Jirgin da zai tafi Istanbul, wadda ke gabas, sai ya fara ba ta baya, ya yi 'yan mintuna yana hawa, sannan ya yi kwana ya kama hanya. A can ma haka abin yake, sai an jera shi a layin masu sauka, wani lokaci ta kan Bahar Aswad, wani lokaci ta kudu. A tsakiya kuma akwai sassan sararin sama da sojojin ƙasashe ke rufewa don atisaye, akwai hadari mai tsawa da ake kauce wa a watannin zafi, akwai kuma kuɗin hanya. Kowace ƙasa tana karɓar kuɗi a kan jirgin da ya ratsa samanta gwargwadon nisan da ya ci da nauyinsa, kuma farashin ya bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, don haka akwai ranar da na'urar lissafinmu za ta nuna cewa hanyar da ta ɗan fi tsawo ita ce ta fi araha. Tun watan Fabrairun 2022 da aka rufe sararin saman Yukren saboda yaƙi, jiragen da a da suke bi ta can da ta Rasha zuwa Asiya suka dawo suna matsuwa ta kan Hangari da Romaniya da Bulgeriya da Turkiyya, wato daidai hanyar da za ku bi. Idan aka tattara duka, abin da na saba gani a takardar tafiya shi ne jirgi ya ci kilomita ɗari ko fiye a kan adadin da ke intanet. Ka ƙaddara 2,600.

Gudun jirgi da gudun iska

Kilomita 900 a awa da aka faɗa maka gudun manyan jirage ne masu layin kujeru biyu, irin Boeing 777, kuma sai sun kai can ƙololuwa suke yin sa. Ana sa irin waɗannan a hanyar Landan da Istanbul, amma ana sa ƙananansu ma irin Airbus A321, wanda gudunsa na tafiya bai wuce kilomita 830 ba. Kafin jirgi ya kai tsayin da zai daidaita, ƙafa 35,000 zuwa 39,000, yakan yi minti ashirin zuwa ashirin da biyar yana hawa, saukowa kuma ta ci kusan rabin awa. A ƙasa da ƙafa 10,000 akwai ƙa'idar da ta taƙaita gudu zuwa mil 250 na teku a awa, kimanin kilomita 460, kuma lokacin da tayoyi za su taɓa ƙasa gudun kimanin kilomita 250 ne. Saboda haka raba 2,490 da 900, wanda ya ba ka awa 2 da minti 46, daidai yake da mutum ya lissafa tafiyar Kano zuwa Kaduna da iyakar gudun motarsa, ya manta da fita daga cikin gari da shiga wani.

Abin da ya sa dawowa ta fi zuwa tsawo kuwa iska ce. Da yawa suna zaton juyawar duniya ce ke jawo haka, wai ƙasa tana zamewa a ƙarƙashin jirgi. Da haka ne, da tafiya yamma ce za ta fi sauri, tunda duniya gabas take juyawa, kuma a daidai Landan doron ƙasa yana tafiya da gudun da ya haura kilomita 1,000 a awa. Amma iskar da ke kewaye da duniya tare da ita take juyawa, kamar yadda ƙudan da ke yawo cikin motar haya mai gudu ba ya buguwa da gilashin baya. Inda juyawar duniya ta shigo shi ne ta bayan fage: ita da bambancin zafi tsakanin yankunan tsakiyar duniya da na ƙanƙara su ne suke sa iskar sama a yankin Turai ta riƙa kaɗawa daga yamma zuwa gabas. A tsayin kilomita tara zuwa goma sha biyu, daidai inda jirage ke bi, wannan iska takan matse ta zama kamar kogi, siriri mai ƙarfi, wanda a lokacin hunturu gudunsa kan haura kilomita 200 a awa. A watan Fabrairun 2020, lokacin guguwar Ciara, wani Boeing 747 na British Airways ya hau wannan kogi daga New York ya iso Landan cikin awa 4 da minti 56, tafiyar da aka saba yi a sama da awa shida.

Jirgi a cikin iska tamkar kwalekwale ne a kogi. Ƙarfin tuƙin ɗaya ne, amma mai bin ruwa da mai tunkararsa ba za su isa lokaci guda ba. A ɗauki misali da kilomita 2,600 da jirgi mai gudun 830. Idan babu iska, awa 3 da minti 8. Idan iskar kilomita 80 a awa tana tura shi ta baya, gudunsa a kan ƙasa ya zama 910, tafiyar ta koma awa 2 da minti 51. Idan ita ce ke tare shi ta gaba, ya koma 750, tafiyar ta zama awa 3 da minti 28. Ka lura da wani abu: a zuwa iska ta rage minti 17, a dawowa ta ƙara minti 20. Kullum abin da take ci ya fi abin da take bayarwa, domin jirgi ya fi daɗewa a cikin wadda ke tare shi. Shi ya sa a ranakun iska mai ƙarfi hanyar zuwa da ta dawowa ba sa zama ɗaya. Mai tafiya gabas mukan nema masa tsakiyar kogin, mai dawowa yamma kuma mu kauce da shi gefe ko mu canza masa tsayi, ko da hanyar za ta ƙara tsawo.

Fasinjoji sukan ji matuƙi ya ce zai yi ƙoƙari ya rama lokacin da aka ɓata, sai su ɗauka zai taka wuta ne kamar direban da ya makara. Abin da zai iya ƙarawa kaɗan ne ƙwarai, kashi biyu ko uku cikin ɗari, wanda a tafiyar awa uku bai wuce minti biyar ba, kuma mai yake sha sosai. Ramuwar gaske tana zuwa ne daga iska mai kyau, ko daga mai ba da hanya da ya ce masa ya yanke kai tsaye zuwa wani wuri na gaba maimakon ya bi kowace kwana.

Daga weji zuwa weji

A nan ne mafi yawan masu lissafi a gida suke kuskure. Lokacin da ke tikiti ba daga tashi sama zuwa taɓa ƙasa ba ne. Ana fara ƙirga shi ne daga lokacin da aka zare weji daga ƙarƙashin tayoyin jirgi, irin wanda yaran mota ke cusa wa tayar tirela, aka fara tura shi baya daga bakin ƙofa, har zuwa lokacin da ya tsaya a ƙofar can aka sake sa masa weji. Duk tafiyar da ya yi a ƙasa da duk jiran da ya yi a layi suna ciki. A cikin awa 3 da minti 55 ɗinku, abin da za ku yi a sama bai fi awa 3 da kwata zuwa da minti ashirin ba, sauran a ƙasa za su tafi.

Filayen nan biyu kuwa kowanne da irin tasa matsalar. Heathrow titin jirgi biyu kacal gare shi, kuma da su yake ɗaukar jirage kusan 1,300 a rana da fasinjoji fiye da miliyan 80 a shekara. An ƙayyade masa sauka da tashi 480,000 a shekara, kuma ya daɗe yana aiki dab da wannan iyaka. Ba shi da sarari ko kaɗan, don haka minti ashirin daga ƙofa zuwa bakin titi ba abin mamaki ba ne. A dawowarku kuma za ku iya ganin jirgin yana ta kewaya wuri guda a saman gefen Landan. Akwai wurare huɗu da ake tara jirage masu jiran sauka, Bovingdon da Lambourne da Ockham da Biggin, ana jera su wani a saman wani da tazarar ƙafa dubu, na ƙasa ya fita ya sauka, sauran kowa ya sauko mataki guda. Masu zuwa daga gabas galibi Lambourne ko Biggin ake kai su. Minti biyar zuwa goma na wannan shawagi abu ne na yau da kullum, kuma kamfanoni sun riga sun sa shi cikin lissafi, wanda shi ma yana daga cikin dalilan da suka sa dawowa ta fi tsawo a takarda. Ranar da aka yi hazo ko iska mai ƙarfi ta gaba, sai tazarar da ke tsakanin masu sauka ta ƙaru, layin ya yi tsawo, har jiragen da ba su ma taso daga garuruwansu ba a ce su dakata.

Shi kuwa filin Istanbul matsalarsa girma ce. An buɗe shi a watan Oktoban 2018, kuma a Afrilun 2019 aka kwaso duk jiragen fasinja daga tsohon filin Atatürk aka dawo da su nan. Yana da titunan jirgi da yawa, don haka ba a cika daɗewa ana shawagi ba, amma wasu titunan suna da nisa da ginin fasinja, ta yadda jirgi zai sauka ya yi kwata ko minti ashirin yana tafiya a ƙasa kafin ya kai ƙofa. Fasinja ya ji taya ta taɓa ƙasa ya duba agogo ya ce an iso da wuri, bai san da sauran tafiya ba.

Sai kuma abin da fasinja ba ya gani sam, wato gurbin tashi. Akwai hukumar Eurocontrol da ke Brussels, wadda ke lura da yawan jiragen da za su ratsa kowane yanki na sararin saman Turai a kowace awa. Idan ta ga wani yanki zai cika fiye da abin da masu kula da shi za su iya ɗauka, ko saboda ƙarancin ma'aikata, ko hadari, ko yajin aiki, sai ta ba jiragen da za su bi ta can takamaiman lokacin tashi, domin jira a ƙasa da injin a kashe ya fi jira a sama. Jirgin da aka ba gurbi dole ya tashi tsakanin minti biyar kafin lokacin da minti goma bayansa, in ya kuskure sai a sake masa wani. Shi ya sa za ka ga an gama shiga, an rufe ƙofa, sararin Landan tas babu ko gajimare, amma matuƙi ya ce sai an jira minti arba'in. Cunkoson ba a Landan yake ba, wataƙila yana can saman kudancin Jamus ne.

Ina tuna wani yammaci da muke da jirgi mai zuwa kudu maso gabashin Turai, fasinja sun shiga, sai saƙo ya faɗo a allona cewa an ba shi gurbin da ya ɗara lokacinsa da minti 55, saboda wani yanki a saman Jamus ya cika. A cikin fasinjojin akwai kusan talatin da za su canza jirgi a can. Na buɗe taswirar yankunan da aka taƙaita, jajaye a allon, na ga idan muka karkata kudu za mu kauce wa jan gaba ɗaya, sai dai hanyar za ta ƙaru da kilomita kusan 120, wato minti tara, da man da ya kai 'yan ɗaruruwan kilo. Na kira matuƙin na tambaye shi ko man da ke tanki zai ɗauki ƙarin ba tare da an taɓa na ajiya ba. Ya yi shiru yana duba takardarsa, sannan ya ce zai ɗauka. Na soke tsohuwar hanya na shigar da sabuwa, muka zuba wa allon ido, domin akan yi rashin sa'a sabuwar ma ta faɗa wani jan. Bayan kamar minti biyu amsa ta zo cewa babu gurbi a kansa, ya tashi lokacin da ya shirya. A ranar, hanyar da ta fi tsawo ita ta kai su da wuri da kusan minti 45, kuma babu fasinjan da ya san abin da ya faru.

Saboda duk waɗannan, kamfani ba ya fitar da lokacin tikiti ta hanyar raba nisa da gudu. Yana duba tarihin wannan tafiya ne a irin wannan lokaci na shekara da na yini, ya zaɓi adadin da mafi yawan jiragen suka iso a cikinsa. Shi ya sa za ka ga jirage biyu na hanya ɗaya, ɗaya an ba shi awa 3 da minti 50, ɗaya awa 4 da minti 5. A ƙa'idar wannan sana'a, jirgin da ya iso cikin minti 15 bayan lokacinsa ana lissafa shi cikin waɗanda suka zo a kan kari, kuma ba na musun cewa kamfanoni sukan ɗan ƙara mintuna a jadawali don alƙalumansu su yi kyau. Ni dai ban ɗauki wannan aibi ba, domin ƙarin yana amfanar mai canza jirgi irinka.

Tazarar awa ɗaya da minti 35

Amsar ta rataya ne a kan abu guda: shin tikiti ɗaya ne daga Landan har Abuja, ko kuwa biyu ka saya daban-daban? Idan ɗaya ne, mai lambar ajiya ɗaya, to tazarar ta halatta, domin na'urar sayar da tikiti ba ta haɗa jirage biyu sai tazararsu ta kai mafi ƙarancin lokacin da aka ƙayyade wa filin. Kayanku za su wuce kai tsaye, kuma idan jirgin farko ya makara kuka rasa na biyu, wajibin kamfani ne ya sa ku a na gaba ba tare da ƙarin kuɗi ba. Idan kuwa tikiti biyu ne, ba na ba ka shawarar ka gwada ko kusa. Sai kun shiga ƙasar kun karɓi kaya kun sake aunawa, shiga ƙasar kuma yana buƙatar biza ga mai fasfo na Najeriya, kuma in kun makara babu wanda zai ɗauki asararku. Ka kuma duba haruffa ukun da ke jikin tikitin da kyau: IST shi ne babban filin da ke ɓangaren Turai, SAW kuma Sabiha Gökçen ne da ke ɓangaren Asiya, a tsallaken mashigin Bosforus, inda jirage masu araha da ke tashi daga filin jirgin Stansted na Landan suka fi sauka. Tsakaninsu tafiya ce mai nisa a mota cikin cunkoson birnin.

Ko da tikiti ɗaya ne, ka san cewa minti 95 ɗin nan ba duka ne naku ba. Fitowa daga jirgi, musamman ga wanda ke kujerun baya, zai ci minti goma zuwa kwata. Ana rufe ƙofar shiga jirgi na gaba kusan minti 15 zuwa 20 kafin lokacin tashi. Ginin fasinjan Istanbul yana cikin mafi girma a duniya a ƙarƙashin rufi ɗaya, daga wani reshe zuwa wani za a iya yin minti ashirin ana tafiya, balle da yara biyu da jakunkunan hannu, kuma mai yiwuwa a sake binciken kayanku a hanya. Abin da ya rage muku na sarari bai fi rabin awa ba. A rana ta yau da kullum ya isa, kuma iskar Disamba tana bayanku, sau da yawa jiragen da ke zuwa gabas a wannan wata sukan riga lokacinsu. Haɗarin yana Heathrow ne da safe, idan aka tashi da hazo ko sanyin da zai sa a tsaya wanke ƙanƙara daga fukafukai, ko kuma a Istanbul idan dusar ƙanƙara ta sauka, kamar yadda ta yi a Janairun 2022 har aka rufe filin. Yanayin ranar tafiyarku ba wanda zai iya faɗa maka shi sai ana saura kwana biyu ko uku. Da ni ne da iyali, kuma akwai jirgin da ke barin Heathrow da sassafe a ranar, da na nemi a mayar da mu cikinsa ko da da ɗan ƙarin kuɗi ne, domin jiragen Abuja ba kamar na Landan ba ne da ke tashi sau da yawa a yini, wanda ya rasa na yau sai ya kwana. Idan canjin bai yiwu ba, ka nemi kujerun gaba, ka karɓi katin shiga jirgi na biyu tun daga Landan, keken yara kuma ka tambaya tun wurin awo ko a bakin jirgi za a miƙo muku shi a Istanbul ko sai Abuja.

Akwai wuri ɗaya da nisan zaren nan na kan lemu yake aiki kai tsaye, shi ne wajen diyya. Dokar Birtaniya, wadda ta gada daga dokar Tarayyar Turai mai lamba 261 ta shekarar 2004, ta shafi duk jirgin da ya tashi daga Birtaniya ko na wane kamfani ne. Idan fasinja ya isa inda za shi a makare da awa uku ko fiye, kuma laifin na kamfani ne, ba na yanayi ko na masu ba da hanya ba, diyyar tafiyar da ke tsakanin kilomita 1,500 da 3,500 fam 350 ce ga kowane mai tikiti. Idan naku tikiti ɗaya ne har Abuja, da nisan Landan zuwa Abuja za a yi lissafi da kuma lokacin da kuka isa can, wanda ya sa ku a rukunin sama da kilomita 3,500, mai kaiwa har fam 520. Kotun Tarayyar Turai ta yanke a 2014 cewa lokacin isowa shi ne lokacin da aka buɗe ƙofar jirgi don fasinja su fita, ba lokacin da taya ta taɓa ƙasa ba. Abinci da masauki idan kwana ya kama suna kan kamfani ko da ba laifinsa ba ne. Ni ba lauya ba ne, kuma a dawowa hukuncin ya bambanta, domin jirgin da ke shigowa Birtaniya daga waje dokar tana hawa kansa ne kawai idan kamfanin na Birtaniya ne ko na Tarayyar Turai. Ka adana katunan shiga jirgi da rasit na duk abin da kuka kashe, kuma idan aka yi jinkiri ka nemi ma'aikatan teburin canza jirgi su rubuta maka dalilinsa kafin ku bar wurin.